Amsa ga mai tambaya kan manhajar AI ta zuba jari

Ɗan'uwa, ka ce kana da 'yan kuɗi a ajiye, ba ka san kan hannun jari ba, kuma an ce maka akwai manhajar AI da za ta zaɓa maka. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan zancen aka cuce ni.

Mutumin sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Kullum sai ya zaro waya ya nuna min koren layi yana hawa, wai na'ura ce ke ciniki dare da rana, ba ta barci, ba ta kuskure, wata guda kuɗi sun ninka. Kuɗin da nake tarawa na rufin ɗaki ya karɓa. Ranar cirewa aka ce sai na ƙara biyan na tantancewa. Na kira shi, wai in yi haƙuri, matsalar netwok ce. Yanzu in mun haɗu sai ya kara waya a kunne kamar ana kiransa. Allah ya isa! Mu tamu ƙarama ce ma, ka tuna yadda manhajar zuba jari ta CBEX ta rufta da jama'a a Afrilun 2025, ita ma da sunan AI.

Manhaja ta gaskiyar, irin Betterment da Wealthfront na Amurka, tambayoyi take maka: shekarunka, abin da ke shigo maka, yaushe za ka buƙaci kuɗin, za ka iya jure faɗuwa ko a'a. Sai ta rarraba kuɗin a jari iri-iri, in ɓangare ɗaya ya rinjaya ta daidaita, ladanta wajen kashi 0.25 cikin ɗari a shekara. Ba ta alkawarin riba, ko kaɗan. A nan gida Najeriya hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta fitar da ƙa'idojin irinsu tun 2021, ka duba ko suna da rajista.

Amma fa manhaja ba ta san ragon Sallah ko kuɗin makarantar ƙannenka ba, waɗannan ka ware su daban. Ka tambayi batun kuɗin ruwa, akwai sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya tun 2017. Ni yanzu ChatGPT bayani kawai nake sa ta yi min, kuma sai na sake bincikawa, don takan yi kwaɓa.

Af, duk wanda ya nemi lambar OTP ɗinka, wato lambar sirrin da ake turo maka a waya don tabbatar da cire kuɗi, ko limamin unguwarku ne, ka katse wayar.