Rijiyar Gidanmu Ta Fara Wari, Ya Halatta Mu Yi Alwala da Ruwanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni magidanci ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun. Tun da ruwan Agusta ya sauka rijiyar gidanmu ta soma wari, amma ruwan garai yake, kuma mun leƙa ba mu ga mushe ba. Bara maƙwabcina ya haƙa sabon masai a bayan katangarmu. Iyalina na alwala da girki da ruwan, burtsatse kuwa sai bakin kasuwa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, wari shi kaɗai ba ya haramta ruwa. Abin da shari'a ke tambaya shi ne daga ina warin ya fito.

Asalin ruwa tsarki ne. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da rijiyar Buda'a da ke Madina, wadda ƙazanta kan faɗa cikinta, ya ce ruwa mai tsarki ne, babu abin da ke najasantar da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi daga Abu Sa'id al-Khudri. Sai dai malamai sun yi ijma'i, kamar yadda Ibnul Munzir ya hakaito, cewa idan najasa ta sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, ya zama najasa, kaɗan ne ko mai yawa. Siffa ɗaya ta isa, don haka kasancewar ruwanku garai bai warware zancen ba.

Idan warin na mazaunin ruwan ne, wato baƙin laka da ya taru a gindin rijiya, ko gansakuka, ko kanwar ƙasa, ko daɗewa ba a ja ba, ruwan yana nan da tsarkinsa, a yi alwala da wanka da shi. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibnu Abi Zaid, ta togace sauyin da ƙasar wurin ta jawo. Irin wannan sau da yawa warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Ganyen darbejiya da ƙaiƙayin da iska ke watsowa lokacin sussuka kuwa akwai saɓani a kansu, amma Muhtasar na Shehu Halil ya kawo cewa a rijiyar ƙauye abin da ya fi bayyana shi ne halacci, saboda wahalar kiyayewa. Haka in mushe ne yashe a gefe, iska ta kai warinsa ga ruwan ba tare da ya taɓa shi ba, wannan ba komai, a dai janye mushen.

In kuwa ɓera ko kaza ko mage ce ta mutu a ciki har ruwan ya sauya, ko ruwan masai ne ya tsiyayo, to ba alwala, ba wanka, ba sha, ba girki. Ana iya ba shuka da dabbobi. Wanda dabba ta mutu masa a rijiya amma ruwan bai sauya ba, mustahabbi ne ya kwashe gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan, babu adadin guga da aka ƙayyade a mazhabarmu.

To, mu dawo kan taka rijiyar. Ƙa'ida ita ce in an yi kokwanto kan abin da ya sauya ruwa, ana barinsa a kan tsarki. Amma wannan kokwanton da babu alama ne, kai kuwa kana da alamu. Masan sabo ne, yana jikin katanga, warin bai zo ba sai da damina ta ɗaga ruwan ƙasa, ƙasarku kuma rairayi ce, ba ta riƙe abin da aka zuba mata. An ruwaito daga Imamu Malik, game da rijiyar cikin gida da ta sauya ba a san dalili ba, cewa a kwashe ta kwana biyu ko uku, in ta gyaru shi ke nan, in ba ta gyaru ba kada a yi alwala da ita. Da wannan nake ba ka fatawa. Ku dakatar da amfani da ita daga yau, a kwashe, a yashe lakar, a duba ko akwai abin da ya nutse wanda ido bai hango daga sama ba. Idan idon rijiyar ya kawo sabon ruwa, wari ya tafi gaba ɗaya, ta tsarkaka. Idan ya dawo bayan yasa, rinjayen zato masan ne.

In hakan ta tabbata, sallolin da aka yi da alwalar ruwan bayan bayyanar warin sai a rama su, a kuma wanke tufafi da randa da butoci da wani ruwan. Ba ku da zunubi, ba ku sani ba. Taimama kuwa ba taku ba ce muddin ƙafa ko amalanken 'yan garuwa na iya kai wa ga burtsatsen kasuwa. Jarka guda ta ishi gida alwalar yini. Sai wanda ya rasa ruwan ko kuɗin sayensa, ko lokacin salla zai fita kafin a kawo.

Akwai abin da mutane ke cakuɗawa, dole in raba shi. Halaccin alwala ba shedar likita ba ce. Ruwa na iya zama mai tsarki a fiƙihu alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko taifod, don su ba su da launi, ba su da wari. Saboda haka ko bayan rijiyar ta gyaru, a tafasa na sha, ko a nemi duba-gari na ƙaramar hukuma su zuba mata kilorin gwargwadon zurfin ruwan. Alif da mata ke kaɗawa datti yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tafasa ba ta mayar da ruwan najasa mai tsarki.

Yasar rijiya ba aikin yaran gida ba ce. Iskar da ke taruwa a gindin rijiya mai wari tana sumar da mutum nan take, na biyu ya shiga ceto shi ma ya tafi. A kira masu sana'ar, a bar bakin a buɗe ya sha iska, a ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, kada kuma a saukar da injin fetur ciki.

Saura maƙwabci. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, katanga ɗaya kuwa ba ta kai ko kusa ba. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa. Tunda rijiyarka ta riga masansa, shi ne ya farar da cutar, kuma wajibinsa ne ya cike shi ya haƙa a nesa. Ka same shi tsakaninku tukuna, wataƙila bai sani ba, in da hali ma ka taimaka masa da kuɗin haƙa. In ya ƙi, ku je wajen liman da mai unguwa. Wallahu a'alam.