Amsa: Shin tun farko matattu ne mutanen tsibirin Lost?

Malam Sani, ka ce ka gama kallon Lost, wasan talabijin na Amurka mai dogon zango kan mutanen da jirgin samansu ya faɗo a wani tsibiri, kuma abokanka sun dage cewa fasinjojin jirgin Oceanic 815 sun mutu tun ranar da ya faɗo. A'a, ba haka ba ne.

A kashi na ƙarshe, wanda tashar ABC ta nuna ran 23 ga Mayu 2010, mahaifin Jack, babban jarumin labarin, ya faɗa wa ɗan nasa ƙarara cewa duk abin da ya faru a tsibirin ya faru da gaske. Wasu sun riga Jack mutuwa, wasu sun daɗe bayansa. Ɗaya rayuwar da ake nunawa a zango na 6, wadda a cikinta jirgin bai faɗo ba, ita kaɗai ce ta bayan mutuwa.

Abin da ya ruɗa mutane shi ne tarkacen jirgin da aka nuna lokacin rubutun sunaye a ƙarshen wannan kashin. Tashar ce ta saka shi, ba ya cikin labarin.

Masu ƙorafin an bar tambayoyi ba amsa suna da hujja, musamman kan Walt, yaron da ke cikin fasinjojin. Ni dai haɗuwar da jaruman suka yi a coci a ƙarshen labarin ta taɓa min zuciya sosai.

Kada ka dogara da guntayen bidiyo. Nemi hirarrakin marubutan, Damon Lindelof da Carlton Cuse, ka ji daga bakinsu.