Kafin ka zuba kuɗin adashinka a daɓen katako

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Sabon Garin Zariya, ƙofofi da gadaje da kabad nake yi. Kwanan nan mutum biyu sun tambaye ni ko ina shimfiɗa daɓen katako, na ce a'a. Na kwashi adashi, ina da naira miliyan 3 a hannu. Wani dila a Kano ya ce in biya rabin kuɗi ya ba ni katan-katan na laminet, wato fallayen daɓe na matsattsen garin katako, in cika sauran bayan wata 3. In karɓa in buɗe shago, ko yaya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema. Shawarata ita ce kada ka karɓi kayan nan yanzu. Sana'ar kam ka shiga cikinta, amma ta hanyar aikin hannunka, domin a nan ƙarfinka yake, a nan kuma ribar take.

Mutum biyu sun yi tambaya, madalla, sai dai mutum biyu ba kasuwa ba ne. Yawancin masu gini a Zariya tayil suke sa wa, saboda ya fi sauƙin kuɗi, ba ya tsoron ruwa, gara ba ta cin sa, kuma ɗaki ya fi sanyi da shi a watan Afrilu. Masu son katako 'yan kaɗan ne: malaman jami'a a Samaru da Kongo, likitocin Shika, masu otal, masu gidaje a GRA da Hanwa, da mai son ƙawata ɗakin kwana guda ɗaya. Irin waɗannan kowa da launin da ya gani a waya, shi yake so. Idan ka cika shago da launi huɗu, na biyar za a nema. Wata 3 kuwa ba ya jiran ciniki, ranar biya za ta zo kaya na jibge. Ga shi laminet daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma tun watan Yuni na 2023 da aka saki naira kowa ya ga yadda lissafin masu karɓar kaya bashi ke rushewa. Abin da ya kamata ka nema a wurin dilan shi ne ƙananan samfura da farashin sari, da alkawarin zai ɗora maka kaya a mota duk ranar da ka tura kuɗi. Zariya da Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce. Bar shi ya riƙe sito, kai ka riƙe abokin ciniki.

Yanzu bari in daɗe kan abin da ke cinye ribar wannan sana'a a garinmu, wato yanayi. Kai ka fi ni sanin ƙofar da ke cijewa a Agusta, a Janairu kuma ta saki har haske na shiga ta gefenta. Katako yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi. Da hunturu danshin iskar Zariya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan da ke jikin katako ya koma wajen kashi 4 ko 5. A tsakiyar damina iska ta haura kashi 70, katako ya kai kashi 13 zuwa 16. Motsin a faɗi yake faruwa, tsawo kusan ba ya canzawa. Falle mai faɗin santimita 10 na iya ƙaruwa ko raguwa da milimita 1 zuwa 2. Abin kamar wasa, amma ɗaki mai ƙafa 12 yana cin falle kusan 36 a jere. Tara wannan motsi ka ga inda zai kai. Wanda ya shimfiɗa ɗanyen katako da damina, hunturu zai buɗe masa ramuka tsakanin falle da falle. Wanda ya matse busasshe da hunturu bai bar masa sarari ba, damina za ta tayar masa da tudu a tsakiyar falo. Duka biyun kai za a kira, kuma daga aljihunka za ka gyara.

Saboda haka kayan aiki na farko da zan so ka saya, tun kafin injin gogewa, shi ne ɗan na'urar auna danshin katako. Kada falle ya taɓa ƙasa sai ya nuna kashi 8 zuwa 10, wato tsaka-tsakin damina da hunturu. Katakon da ke zuwa daga Kudu da ruwansa yake isowa, sai an jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falle da falle, ya yi watanni yana shan iska. Bayan haka ya kwana mako 1 zuwa 2 a cikin ɗakin da za a shimfiɗa shi. A bar sararin milimita 10 zuwa 15 a gindin kowane bango, katakon gefen bango zai rufe shi.

Siminti ma da nasa sharaɗin. Magina kan ƙiyasta wata guda ga kowane inci na kaurin sabon daɓe kafin ya bushe, kuma mai gida ba zai so jin haka ba, musamman idan ranar tarewar amarya ta matso. Ga gwaji mai sauƙi: manna leda mai faɗin rabin mita a kan simintin, ka liƙe gefunanta, ka dawo gobe. Idan ka ga gumi a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, ka dakata. Na fi son ka rasa aikin da ka shimfiɗa katako kan daɓe mai danshi. Ka kuma tambaya ko an sa leda da maganin gara a ƙarƙashin jaman-fulo lokacin gini, domin garar Zariya ba ta neman izini.

Game da irin katako, tik da iroko da kawo da maɗaci sun dace da daɓe, suna da nauyi kuma ba sa yawan motsi idan sun bushe. Obeche da malaina ka bar su a silin da kabad, ƙafar kujera ma lotsa su take yi. Maɗobiya tana da kyau ƙwarai, amma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe saboda yadda aka yi mata sara, don haka ba zan so ka gina sana'a a kanta ba.

Laminet kuwa, ka faɗa wa mai saye gaskiyarsa tun farko. Garin katako ne aka matse, aka ɗora hoton itace a sama da rufi mai tauri. Kaurinsa daga milimita 7 zuwa 12, mai lamba AC3 na gida ne, AC4 na ofis da shago. Ba a goge shi da samfefa, kuma idan ruwa ya shiga bakinsa ya kumbura sai canji. A gidajenmu da buta ke kusa da ƙofa, ake kuma wanke ɗaki da bokiti, wannan magana ce babba. Ga falo mai yara ko kusa da banɗaki, nuna masa SPC, wanda aka yi da garin dutse da roba, ruwa ba ya kumbura shi. Mai neman mafi araha ka tuna masa araha ba ta ado.

To ina za ka fara? Da gyara. A gine-ginen shekarun 1960 da 1970 an yi yayin daɓen ƙananan gutsattsarin katako da ake mannawa da kwalta. Zagaya tsofaffin gidajen ma'aikata da ofisoshi da zaurukan taro ka yi tambaya, ka ɗaga leda ko kafet ka duba. Inda ka same shi, aikin shi ne manna waɗanda suka ɓanɓare, cike gurbin waɗanda suka ɓata, gogewa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 40, sai 60, sai 80, sai 120, sannan banish shafi 3 da gogewa mara nauyi tsakaninsu. Kusan duk kuɗin wannan aiki ladan hannu ne, ba ka binne jari a kaya ba. Kuma mutumin da ya ga daɓen da ya fid da rai da shi yana ƙyalli, shi zai yi maka talla a wurin aikinsa. Injin gogewa ka fara da haya ko na hannu na biyu, ka kuma sani ƙaramin janareta ba ya jan sa. Ranar shafa banish da hunturu a toshe tagogi, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai. Don Allah kai da yaranka ku riƙa rufe hanci, ƙurar iroko tana taɓa ƙirji da fata.

Lissafin farashi a kan murabba'in mita ake yin sa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya kai murabba'in mita 13.4. Ƙara kashi 10 na yanka da ɓarna, ka sayi 15. Idan saƙar ƙashin kifi mai gida ke so, wato jera falle a karkace kamar ƙashin kifi, ƙara kashi 15 maimakon 10. A takarda ka rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, sannan gam, ledar ƙasa, katakon gefen bango, man janareta, kuɗin mota, da daidaita siminti idan yana da tudu da kwari. Wannan na ƙarshe shi sabon shiga ke mantawa, ya gama aiki ya ga ribarsa ta tafi a buhunan siminti. Rubuta cewa farashin na kwana 7 ne. Kafin alƙalami ya biya kuɗin kaya gaba ɗaya, ladan aiki kuma a raba shi biyu, rabi a tsakiya, ciko ranar miƙa aiki.

Garanti ka bayar na shekara guda, domin sai daɓe ya ga hunturu ɗaya da damina ɗaya ake sanin an yi aiki. Amma a rubuta abin da ya shiga ciki: ɓanɓarewa da tasowa naka ne, yoyon rufi da fashewar famfo da wanke daɓe da bokiti na mai gida ne. Daga kowane aiki ka ware kashi 10 na ladanka, kada ka taɓa shi sai shekarar ta cika. Kafin ka bar gidan kuma ka nuna wa uwargida ko mai aikin gida yadda ake kula da shi: shara da tsintsiya mai laushi kullum saboda yashi ke kashe ƙyalli, goge da tsumman da aka matse sosai, tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, ɗan ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar kujera.

Miliyan ukun nan ka kasa su uku. Kashi ɗaya na kayan aiki da rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, domin otal da ofis ba sa ba da aiki sai da takarda da asusun banki na kasuwanci. Kashi ɗaya ka sayi katako mai kyau ka jera shi ya fara bushewa, wanda ko daɓe bai samu ba ƙofa za ta ci shi. Na ukun ya zauna a banki. Kada ka rufe shagon ƙofofi da gadaje, shi zai ciyar da gida a shekarar farko. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, bi wani gwani a Kaduna ko Abuja aiki biyu ko uku ko da ba lada, sannan ka shimfiɗa ɗaki ɗaya a gidanka a ƙarshen Oktoba, ka auna sararin gindin bango a Fabrairu, ka sake aunawa a Agusta, ka rubuta abin da ka gani.