Injin yankan ciyawa na hawa yana sauka, totur kuma ya daina ji: kafireto ne ko gwamna?

Tambaya:

Assalamu alaikum oga. Ni ne ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a nan Zariya, muna da tsohon injin yankan ciyawa Briggs & Stratton irin na turawa, tokumbo ne, ya kai shekara 6 a hannunmu. Tun watan Oktoba da ruwa ya ɗauke muka jingine shi a sito da sauran fetur a tankinsa. Yanzu damina ta sauka na ɗauko shi, in na danna jar robar nan ta tura fetur sau uku na ja igiya yana tashi, amma sai ya dinga wuu-wuu yana hawa yana sauka kamar mai haki, da na shiga ciyawa mai kauri sai ya mutu. Na kai wa wani mai gyaran janareto ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe da sifirin ke maƙale a jiki, yanzu ihu yake kamar zai tashi sama, hannun totur kuma ko na tura ko na ja duk ɗaya. Wai sai an sayi sabon kafireto. Don Allah meye shawara?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, kar ka sake yanka ciyawa da injin nan yana wannan ihun. Waɗannan ƙananan injinan an yi su ne su juya wajen sau 3,000 a minti ɗaya, in sun yi yawa 3,600, kuma ba su da famfon baƙin mai, wani ɗan abu ne a ciki yake fantsama man yana jiƙa ƙarafan. In gudu ya wuce kima sandar fistan ce ke karyewa ta fasa bulok ta leƙo waje, daga nan kuma an gama, sai 'yan gwangwan. Ga wuƙa a ƙasa tana juyi, filin makaranta ne, yara na yawo, dutse ɗaya ta harba ya isa.

Toh abin da mai gyaran naka bai gane ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, shi ne hannun totur ɗin nan ba kamar na babur yake ba. A babur kana murɗawa waya na buɗe maƙogwaron kafireto kai tsaye. A injin ciyawa kuwa wayar sifirin kawai take ja, wanda ke buɗe maƙogwaron yana rufewa wani ne daban, sunansa gwamna (eh haka sunan yake, kuma shi ma in aka matsa masa lamba ɓaci yake). Sifirin na jan maƙogwaro ya buɗe, gwamna na turawa ya rufe in gudu ya yi yawa, inda ƙarfinsu ya daidaita nan injin ke tsayawa. Yanzu in mai ba ya isa, injin sai ya fara sanyi, sifirin ya wangale maƙogwaro, ya zuƙi ɗan man da ya samu ya zabura, gwamna ya rufe, ya sake sanyi, haka dai. Wuu-wuun da kake ji kenan. Kaga ashe gwamnan lafiyarsa ƙalau tun farko, aikinsa yake, yunwar mai ce ke damun injin. Da aka lanƙwasa ƙarfen nan aka ƙara wa sifirin ƙarfi sai ya fi ƙarfin gwamna, hakin ya ɓuya cikin ihu, cutar kuma tana nan.

Me ya kawo yunwar? Ka riga ka faɗa da bakinka, fetur ɗin da ya kwana tun Oktoba. Fetur in ya wuce wata ɗaya zuwa biyu a ajiye ya fara lalacewa, mai sauƙin cikinsa ya bi iska, abin da ya rage ya zama wani danƙo ja-ja mai wari kamar tsohon fenti, shi ke toshe 'yan ramukan kafireto waɗanda wasu ko bakin allura sun fi shi ƙanƙanta. Balle in a galan ɗin 'yan bumburutu aka sayo man, da ruwa da datti duk a ciki. Shi ya sa in ka danna robar yake tashi, ai mai kake watsa masa kai tsaye, da wannan ya ƙone sai ya koma neman na hanyar da ta toshe.

Ka fara cire wayar fulogi ka kawar da ita gefe, kullum kafin ka sa hannu. Ka juye tsohon man duka, ka ɗauraye tankin da sabo. Sai ka duba wane irin kafireto gare ka, don tsoffin Briggs kala biyu ne suka fi yawa a kasuwar tokumbo.

In kafireton na roba ne yana zaune a kan tankin kai tsaye, irin injinan nan masu ƙarfin doki 3.5 zuwa 4, toh tsakaninsa da tankin akwai wata siririyar fatar roba baƙa tare da fakin, wato shimfiɗar da ke hana yoyo. Fatar nan ita ce famfon mai, motsin iskar injin ne ke sa ta bugawa tana ɗago fetur daga tanki zuwa wani ɗan kofi da ke saman tankin. In ta tsufa ko ta bushe sai ta sandare ta yi kumbo, gefenta ya zame, kuma wallahi a irin wannan injin mafi yawan hakin da nake gani daga nan yake. Sukuru biyar ne suka riƙe kafireton, ka kwance su, ka ɗauki hoto da waya kafin ka ɗaga komai, akwai wani ɗan sifirin a ƙasa kar ya faɗa ciyawa ka yini nema. Ka wanke rariyar da ke bakin bututun da ke nutsewa cikin tanki, ka wanke kofin, ka sa sabuwar fata. Fatar ce ke kwanciya a kan tanki, fakin a samanta wajen kafireto, in ka juya su aikin banza ka yi. Wajen ɗaurewa kuma ka bi sukurun kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan, kar ka danne ɗaya gaba ɗaya fatar ta tattare. Kuɗinta bai kai kusa da na sabon kafireto ba.

In kuma tankin daban yake da tiyo, kafireton na ƙarfe da ɗan kwano a ƙasa, toh notin da ya riƙe kwanon ba noti ne kawai ba, a yawancinsu shi ne jet ɗin, wato ta ramukansa fetur ke bi ya shiga kafireto. Ka matse tiyon mai, ka kwance notin da sifana rabin inci, ka ɗaga shi a hasken rana za ka ga ramuka a jikinsa, akwai wani mitsitsi sosai kusa da zaren wanda mutane ke tsallakewa, kuma galibi shi ne ya toshe. Ka zare sili ɗaya daga cikin wayar wuta ta tagulla ka zura a hankali, ka fesa maganin wanke kafireto. Ban da allura, ban da ƙusa, in ka faɗaɗa ramin injin zai koma shan mai yana baƙin hayaƙi kuma ba ya komawa. Don Allah ban da zuƙa da baki irin yadda ake yi a bakin titi. Ka girgiza fulot ɗin, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon, a kunne, in ka ji mai a ciki ya huje.

Iyakilina, wato matatar iska, ma ka duba, in soso ne ka wanke da ruwan sabulu ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Fulogi ka goge, tazarar bakinsa kamar milimita 0.76. Murfin tanki kuma yana da ɗan ramin shan iska, in injin na mutuwa bayan minti goma ka sassauta murfin ka gani.

Sai a dawo kan ɓarnar da aka yi. Ɗan ƙarfen da aka lanƙwasa a mayar da shi a hankali ta yadda sifirin zai sassauta, ana yi ana saurare, in da mai na'urar auna juyi ya fi, amma sai bayan an wanke kafireton, in ba haka ba saitin ƙarya za a yi. In sifirin ɗin kansa aka miƙe ko aka yanke, sabo za a saya na lambar injin, lambar na nan a buge a jikin murfin ƙarfen. Kar a sa na janareto don ya yi kama, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kuma tunda injin ya yi wata takwas a sito ka cire murfin saman inda igiya take ka leƙa. A masu kafireto kan tanki gwamnan wani faifan roba ne da iskar fulawil, wato ƙarfen nan mai fankoki da igiya ke juyawa, ke turawa, na sha buɗewa in tarar zanzaro ya gina gidansa na laka daidai wurin, ko ɓera ya tara ciyawa, faifan ya maƙale a buɗe, wannan kaɗai ya isa ya sa ihu. Ka taɓa shi da yatsa, ya kamata ya tafi ya dawo ba tirjiya.

Shi hannun totur da ya daina ji, ka sa wani ya dinga turawa kai kana kallon ƙarshen wayar a jikin injin. In rigar wayar ce ke motsi gaba ɗaya maimakon ƙarfen ciki, sukurun da ya danne ta ne ya saki, ka kai hannun kan alamar zomo, wato gudu, ka tura ƙarfen injin har ƙarshe, sannan ka ɗaure. In ba abin da ke motsi tsatsa ce ta cinye ta, ka ɗiga mai ta sama ka bari ya bi ciki, in ta ƙi a sauya.

Sabon kafireto yana da lokacinsa. Ka kama sandar maƙogwaron da yatsa biyu ka jijjiga gefe da gefe, in tana lilo sosai ƙurar hunturu ta ci mazauninta, iska na shiga ta nan kuma wanki ba ya maganin wannan. Ko injin na aiki ka fesa maganin wanki kaɗan wajen da kafireto ya haɗu da inji, nesa da salansa, in sautin ya canja akwai inda yake shan iska, ka fara da fakin ko zoben robar wurin tukunna. In duk waɗannan lafiya ne ka riƙe kuɗinka.

In kana son leƙa ƙasa wajen wuƙa ka kishingiɗa injin ta yadda iyakilina zai kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangaro cikin kafireton da ka gama wankewa. Oktoba mai zuwa kuma, ranar yanka na ƙarshe, ka bar shi yana aiki har man tankin ya ƙare ya mutu da kansa sannan ka kai shi sito.