Tambaya da Amsa: Manhajata ta tashi amma taga ba ta fito ba

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina rubuta manhajar Mac da yaren Swift. Na goge fayil ɗin Main.storyboard don in gina taga da hannu, tun daga nan applicationDidFinishLaunching, wato aikin da ake kira da zarar manhaja ta tashi, ya daina aiki, kuma Xcode, inda nake rubuta manhajar, bai nuna kuskure ba. Ina matsalar take? Daga ɗalibinku, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai wanda ka goge shi ne ɗan aiken. Fayil ɗin ne ke ƙirƙirar AppDelegate, inda applicationDidFinishLaunching yake, ya miƙa shi ga NSApplication, mai tafiyar da manhajar, a matsayin wakili. Babu shi, babu wanda za a sanar da cewa manhaja ta tashi.

Cire @main daga saman AppDelegate, ka share NSMainStoryboardFile daga Info.plist, fayil ɗin saitunan manhaja, sannan ka buɗe sabon fayil mai suna main.swift, ka sa import Cocoa a samansa, sai layi huɗun nan:

let app = NSApplication.shared
let wakili = AppDelegate()
app.delegate = wakili
app.run()

Kada ka haɗe layi na biyu da na uku don gajarta. NSApplication riƙon sakainar kashi yake yi wa wakilinsa, idan babu wani mai riƙe da shi, nan take za a share shi daga ƙwaƙwalwa. Naɗin wakilin kuma dole ya zo kafin run, domin run ba ya dawowa sai an rufe manhaja.

In har yanzu shiru, duba rubutun sunan applicationDidFinishLaunching. Harafi ɗaya ya kuskure, ko ka sa NSNotification na kafin Swift 3 maimakon Notification, ba za a kira shi ba. Sa print a layinsa na farko ka ga ko ana kiransa.