Kyamara mai megafiksel 48 ko tsohuwar Canon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi in sayi kyamarar ɗaukar yarana hoto, da Sallah da kuma in mun yi tafiya. Wani mai shago ya nuna mini sabuwa fil a kwali, an rubuta megafiksel 48, kuɗinta bai kai rabin na wata Canon ta hannu mai 18 ba. Ina tsoron a cuce ni. Wacce zan ɗauka? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta kwalin nan, ki bar ta inda kika gan ta.

Na gaji da wannan magana ta megafiksel, don kusan kullum sai an zo mini da irin wannan kyamara ana kukan an yi asara. Lambar nan yawan ɗigon da ke cikin hoto kawai take faɗa. Kyan hoto kuwa daga sensa yake fitowa, wato ɗan allon da ke karɓar haske, da kuma gilashin gaba da masu sana'a ke ce wa lens. Sensar Canon ɗin da kika gani faɗinta ya haura milimita 22. Ta waɗannan marasa sunan kamfani ko farcen ƙaramin yatsa ba ta kai ba, sai manhajar ciki ta hura hoton har ya cika 48 ɗin da aka buga a kwali. A tsakar gida da hantsi za ki ga kamar abin kirki. Bari a shiga ɗaki ranar suna, ko magariba ta kawo jiki: fuskar jariri ta dagule, yaron da ya ɗan motsa ya koma inuwa. Wayar hannunki ma ta fi ta.

Nikon D3 da ta fito a 2007, wadda ƙwararru suka ɗauki gasar Olamfik ta Beijin da ita, megafiksel 12 gare ta. Hoto mai inci 8 da 10 da za ki rataya a falo bai buƙatar fiye da 8. To me za ki yi da 48 na ƙarya? Dillalan da ke lallaɓa mata da wannan lamba sun san abin da suke yi, su ji tsoron Allah.

Ki ɗauki Canon ɗin, ko ki nemi Canon 2000D ko Nikon D3500, duk na 2018. In nauyi zai dame ki a hanya, Sony a6000 ta fi dacewa da jaka. Lens mai 18-55 da ke zuwa da Canon da Nikon, ko mai 16-50 da ke zuwa da Sony, ya ishe ki. In kuɗi ya samu daga baya, ki ƙara mai 50mm f/1.8, shi ke fito da fuskar yara ko da hasken ɗaki kaɗan ne.

Kada ki biya sai an gwada a gabanki. A duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don irin waɗannan an gina su ne kan kimanin 100,000. A haska tocila cikin lens, in kin ga zare-zare kamar yanar gizo funfuna ce, ki fasa. Ki ɗauki farin bango ki duba ko akwai tabo, ki tabbatar cazar ta asali ce, ki ware kuɗin batir na biyu da memori. Da hunturu kuma kada ki cire lens a waje, ƙura na shiga sai kin kai ta wanki.