Yaron da kake kora waje kullum

Ɗana, ka ce wani yaro a ajinka na huɗu ya hana ka sakat: jifa da alli, tsokanar na kusa da shi. Ka yi bulala, ka sa shi kamun kunne, ka kore shi waje, gobe ya sake. Kana tambayata wane horo ne ya rage.

Ajiye bulalar tukuna, ka ɗauko littafi. Raba shafi gida uku: me ake yi kafin ya fara, me ya yi, me ya biyo baya. Ka riƙa cikewa har sati biyu, kana sa lokaci. Kada ka rubuta "ya yi taurin kai", wannan fushinka ne yake magana. Rubuta abin da ido ya gani: "Ƙarfe 10 da kwata na ce a buɗe littafin karatu, ya fizge fensirin maƙwabcinsa, na ce ya fita." A Amurka tun 1997 dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman ta shigar da irin wannan bincike cikin matakan ladabtar da su. Mu nan ba mu da ƙwararren da za a kira, amma littafi da biro ba su gagare mu ba.

Yawanci yaro ɗayan biyu yake nema: ko a kula shi, ko ya tsere wa wani abu. Na taɓa fama da wani haka kusan zango guda. Da na zauna na duba abin da na rubuta, sai na ga a darasin lissafi lafiya lau yake, rigimar ba ta tashi sai an zo karatu a bayyane, layi ya kusa zuwa kansa. Ashe bai iya haɗa baƙi ba, kuma ya gwammace bulala da dariyar 'yan aji. Korar da nake yi masa, ita yake so. Ni da kaina nake biyansa lada, ban sani ba.

Idan naka ma haka ne, ka daina korar. Ku yi wata alama tsakaninku, ko ɗora hannu a kan littafi, wadda ke nufin "a tsallake ni yau". Ka matso da shi gaba, ka ba shi minti goma na karatu lokacin tara, ba a gaban kowa ba. Ba shi wani aiki, ko goge allo ko raba littattafai. Ran da ya yi daidai, ka faɗa masa nan take abin da ya yi daidai ɗin.

Zai iya ƙara tsiya a kwanakin farko, don yana gwada ko ƙofar da ya saba bi ta rufe da gaske. Nan yawancin malamai ke karaya.

Ka duba kuma ko yana ganin allo, ko yana ji sosai, ko ya karya kumallo. In za ka kira mahaifinsa, ka fara da abin kirkin yaron, in ba haka ba duka kawai zai sha a gida. Sanar da hedimasta da sauran malaman da ke shiga ajin, kada wani ya kore shi bayan kai ka daina.

Ran Juma'a ta sama ka zo mini da littafin, mu duba tare.